Cinikin Amfanin Gona Tsakanin Nijeriya Da Nijar

Manomin da ya kai geronsa kasuwar Jibiya ko Illela ko Maigatari ya kan ga kuɗin buhu ya hau ko ya sauka, alhali kuwa ba abin da ya sāke a garinsu. Sau da yawa dalilin yana can ƙetaren iyaka. Saboda haka ya kamata kowane manomi ya san yadda ciniki ke tafiya tsakanin babbar ƙasa da ƙarama.

Girman da ake nufi a nan ba na faɗin ƙasa ba ne, gama Nijar ta fi Nijeriya faɗi. Na yawan jama'a ne da ƙarfin kasuwa. Mutanen Nijeriya sun wuce miliyan 200, na Nijar kuwa ba su kai miliyan 30 ba, watau kowane mutum ɗaya na Nijar yana da wajen mutum takwas a Nijeriya. To, a dubi wannan lissafi. In kowane mutum na Nijeriya ya bukaci ƙarin mudu ɗaya na wake, aka ce daga Nijar za a samo, sai kowane mutum na can, har jariri, ya ba da mudu takwas. Abin da babbar ƙasa ba za ta ko ji a jikinta ba ya isa ya kwashe rumbunan ƙaramar ƙasa sarai.

Daga Nijar a kan kawo shanu da tumaki da awaki da raƙuma, da wake, da albasa irin ta Galmi wadda ta yi suna ko'ina. Daga Nijeriya kuwa masara da dawa da gero da garin rogo da kayan masana'antu su kan nufi arewa, mafi yawa ta hannun fataken Dawanau ta Kano da na Maraɗi. Ba kaya kaɗai ake saye da sayarwa ba, har da aiki. Mai babbar mota da dillali da ɗan dako duk aikinsu suke sayarwa, haka ma 'yan cin rani da ke gangarowa kudu in an gama girbi. Wutar lantarki ma haja ce. Kafin 2023 wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Nijeriya ake sayo ta.

Amfanin wannan ciniki a fili ya ke. Makiyayin Nijar ya sami masu saye da ba su ƙarewa, Nijeriya kuma ta sami nama kusa da gida. Amma fa ba ƙaramar ƙasa ke yanka farashi ba. Kuɗin gero a Maraɗi yana bin na Kano ne, kamar yadda ruwa ke bin gangare. An ga haka a 2005. A daminar 2004 fari da fāra sun taɓa gonakin Nijar, ga shi kuma hatsi ya yi tsada ƙwarai a arewacin Nijeriya a lokacin nan. Hatsin da aka saba kai wa Nijar in ta gaza bai tafi ba, don fatake sun fi samun riba a kudu. Akwai abinci a kasuwa, amma talaka ba shi da abin saye. Makiyayi ya fi kowa shan wuya, domin dabbarsa ta rame ta faɗi a kasuwa daidai lokacin da hatsi ya hau.

Sai maganar kuɗi, wadda manoma da yawa ba su kula da ita. Sefa a ɗaure ta ke da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi daga nan. Naira kuwa tun Yunin 2023 aka sake ta kasuwa ta yanka mata daraja, ta kuwa faɗi ƙwarai. Ga misali don a gane. A ce mutumin Nijar ya sayar da rago a Illela naira 100,000. In sefa 1,000 tana daidai da naira 1,000, zai koma gida da sefa 100,000. In naira ta faɗi har sefa 1,000 ta zama naira 2,000, sefa 50,000 kaɗai zai riƙa, ko da ya ke ragon shi ne dai ragon. Sai ya ƙi kawowa, ko ya ninka kuɗi. Amma mai sefa da ya zo sayen masara sai ya ga ta yi masa araha, ya yi ta lodi. Manomin Katsina ya yi murna ya sayar, sa'an nan damina ta yi tsaka ya koma kasuwa ya sayi hatsin nan da tsada. Wannan wauta ce da ake maimaitawa kowace shekara.

Hukuma ma ta kan sa hannu. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar an sāke rufe iyaka, aka yanke wuta, ba a buɗe ba sai a farkon 2024. Ƙaramar ƙasa ita ma tana da nata makami: a Oktobar 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso, a 2025 kuma ta tsai da fitar da dabbobi gab da Babbar Salla, masu neman ragon layya a Nijeriya suka ji a aljihunsu. In an rufe iyaka mai albasa ɗanya ne ke fara kuka, don hajarsa ba ta jira.

To, manomin da ke kusa da iyaka, kafin ya kwance bakin buhu, sai ya tambayi yadda damina ta yi a ƙetare, ya kuma tambayi 'yan canji nawa sefa ta ke a ranar. Ya fara ware abin da iyalinsa za su ci har sabon gero ya nuna, da iri. Abin da ya ragu ya raba shi kashi biyu ko uku, kada ya zubar duka da kaka. Wake kuwa in za a ajiye, a bushe shi sosai a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace leda dabam yadda iska ba za ta shiga ba.