Darasi na Tara: Ziyara Zuwa Zauren Zane-zanen Lowry

A birnin Salford da ke maƙwabtaka da Manchester a ƙasar Ingila, akwai wani babban gini da aka buɗe a shekarar 2000, ana kiransa The Lowry. An raɗa masa sunan wani mai zane ne, Laurence Stephen Lowry, wanda aka haifa a 1887, ya rasu a 1976. Duk wanda ya shiga zauren da ake baje kolin ayyukansa yana neman hotunan sarakuna da attajirai, to zai fito da mamaki. Abin da ya fi yawa a jikin bango shi ne masaƙu, da dogayen bututun hayaƙi, da ɗaruruwan talakawa suna ta kai da komo.

Bari mu tsaya gaban zane guda, wanda ya kammala a 1930, na ma'aikata suna tashi daga masaƙa. Da farko ido zai sauka a kan gine-gine, manya, masu tagogi jere. Sai an matsa kusa ake lura da mutanen: sirara ne tamkar tsinken ashana, sun sunkuyar da kai, kowa ya nufi gida. Ba a gane fuskokinsu sosai, kuma ba su da inuwa, domin hayaƙi ya rufe rana. Launi biyar kacal Lowry yake aiki da su: fari, da baƙi, da ja, da shuɗi, da ruwan ɗorawa.

Wasu masana sun soki wannan salo. Suka ce ya mai da 'yan Adam kamar tururuwa, bai nuna tausayinsu ba. Sukan yana da ƙarfi, amma bai cika adalci ba. Lowry ya san mutanen nan ƙwarai. Fiye da shekara arba'in ya yi yana bin unguwanninsu gida-gida yana karɓar kuɗin haya, sai da dare yake ɗaukar burushi. Bai so jama'a su san wannan sana'a tasa ba, don kada a ce zanen wasa yake yi. Wataƙila abin da ya gani shi ne yadda masana'anta take haɗiye mutum, har ya zama ɗaya daga cikin dubu, ba a tambayar sunansa.

Labarin bai yi nisa da mu ba kamar yadda ake zato. Masaƙun wannan yanki na Ingila da auduga suke aiki, kuma a 1902 aka kafa wata ƙungiya a Manchester don neman auduga daga ƙasashen da Turawa suke mulka. Daga baya aka gina gidajen gurzar auduga a garuruwa irin su Zariya da Funtuwa, jirgin ƙasa yana kwasarta zuwa bakin teku. A 1957 kuma aka buɗe babbar masaƙa a Kaduna, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata irin na zanen Lowry. Yau galibin masaƙun Kaduna a rufe suke, kamar na Salford. Bambancin shi ne, na Salford sun samu wanda ya zana su kafin su shuɗe.

A 2022 aka sayi wani zanensa na 'yan kallon ƙwallo a kan fam miliyan 7.8, aka ajiye shi a wannan zaure.

Tambayoyi

1. Me ya sa mutanen cikin zanen ba su da inuwa?
2. Ka yarda da masu sukan Lowry? Kawo dalilinka.
3. Mece ce alaƙar masaƙun Ingila da manoman ƙasar Hausa?

Aikin Gida

Ka je Kasuwan Garba ko wata kasuwa ta kusa da ku ranar da take ci. Ka lura da 'yan dako, da maƙera, da masu injin niƙa. Ka zaɓi mutum ɗaya, ka nemi izininsa, sannan ka siffanta shi da aikinsa cikin jimla goma.