Haƙorin yaro da wanda ke ƙarƙashinshi

Mai karatu, ka taɓa jin an ce: «Ƙyale shi, ai haƙorin nono ne, wani za ya fito»? Haka ake cewa in yaro ya faɗi ya fasa baki. To, maganar ba ta cika ba.

Haƙoran nono 20 ne. Na farko shina tsirowa wajen wata 6. Kafin shekara 3 duk sun fito. Wajen shekara 6 yaro ya fara famfara, haƙoran girma su riƙa maye gurbinsu. Su 32 ne in sun cika.

Amma ina haƙoran girma suke kafin su fito? Suna nan cikin ƙashin baki, dab da saiwar na nono, ana gina su sannu a hankali. Ka ga ɗanyar tukunya wurin magina na Mirya? In ka danna ta da yatsa, ko an gasa ta, shaidar tana nan. Haka haƙorin girma yake sa'ad da yaro bai wuce shekara 3 ba. Kuma lokacin ne yake koyon tafiya da gudu, yau ya faɗi kan turmi, gobe kan dokin ƙofa.

Bugun da ya fi muni shi ne wanda ya tura haƙorin nono ya shige cikin dasashi. Uwa ta duba, ta ga giɓi, ta ce ya fita. Alhali bai fita ba, ya nutse ne, saiwarshi tana iya taɓa na ƙarƙashi. Ba a ganin ɓarnar ran nan. Sai yaro ya kai shekara 7 ko 8, sabon haƙori ya fito da tabo fari ko ruwan ƙasa, ko da ɗan rami. Wani ya fito a karkace. Wani ya makara, wani ma ya ƙi fitowa sam. Lokacin nan kowa ya manta da faɗuwar, sai a ce gado ne ko ruwan rijiya.

In abin ya faru, ka wanke bakin da ruwa mai tsabta. Ka danna wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. In haƙorin nono ya fita duka, kar ka maida shi ramin. Maida shi na iya raunata na ciki. In ba ka ga haƙorin a ƙasa ba, kar ka tono dasashi kana nema. Ka kai yaro likita ran nan, ko da ya daina kuka. Kwanakin farko a ba shi abinci mai laushi, kamar kunu da fura.

Bayan nan ka riƙa duba bakin. In haƙorin ya yi baƙi, ko ƙurji ya fito a dasashi shina mugunya, ku koma likita, don mugunyar tana iya kai ga na ciki.

Haƙorin girma kuwa dabam ne. In ya fita, ka riƙe shi ta kai, ban da saiwa, ka sa shi cikin madara, ku tafi likita maza. Cikin awa guda ake so.