DARASI NA 7: Amfani da Hausa Wajen Warware Matsalolin Fizis: Momentam, Gogayya da Ƙarfin Tsayarwa

7.0 Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibi kan kasa warware tambayar fizis alhali ya iya lissafi, domin kalmomin tambayar ne suka shige masa duhu. Wannan darasi zai nuna yadda malami zai tsayar da ma'anar kowace kalma da Hausa tukuna, sannan ya bi lissafin daki-daki. An ɗauki misalin tsayar da mota, saboda abu ne da ya shafi ran yaran da ke tsallaka titi kullum a ƙofar makaranta.

7.1 Tsayar da Kalmomi

Ƙa'idar kalmomin fannu ita ce kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana ɗaya tun daga farkon darasi har ƙarshensa. Ga waɗanda za a yi amfani da su:

(a) Mas: yawan abin da jiki ya ƙunsa, ana auna shi da kilogiram. An aro kalmar ne domin "nauyi" na da wani aiki dabam.

(b) Nauyi: ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi, ana auna shi da niwton. Kowane kilogiram ɗaya na da nauyin niwton 9.8, amma don sauƙin lissafi akan ɗauke shi a matsayin 10.

(c) Momentam: mas sau gudu. Babbar mota da babur suna iya tafiya da gudu ɗaya, amma momentam ɗin motar ya fi yawa.

(d) Gogayya: ƙarfin da ke tsakanin abubuwa biyu masu taɓa juna, wanda ke hana su zamewa. An guje wa "guga" domin a rubuce ba a bambanta ta da gugar ɗiban ruwa, sai a karin sauti.

(e) Sakan: an fifita ta a kan "daƙiƙa", wadda wasu ke nufin minti da ita.

Dokar da za a dogara da ita tana cikin dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687. A taƙaice, ƙarfi sau lokacin da ya yi yana aiki daidai yake da canjin momentam.

7.2 Misali na Farko: Birki

Tambaya: Mota mai mas kilogiram 1,000 tana gudun kilomita 72 a awa a kan shimfiɗaɗɗen titi. Direba ya danne birki. Idan ma'aunin gogayya tsakanin taya da kwalta 0.5 ne, sakan nawa za ta yi kafin ta tsaya, kuma mita nawa za ta ci?

Mataki na 1: A juya gudu zuwa mita a sakan. Kilomita 72 mita 72,000 ce, awa ɗaya kuwa sakan 3,600. Saboda haka 72,000 ÷ 3,600 = mita 20 a sakan.

Mataki na 2: Momentam: 1,000 × 20 = 20,000.

Mataki na 3: Nauyin motar: 1,000 × 10 = niwton 10,000. Gogayya: 0.5 × 10,000 = niwton 5,000.

Mataki na 4: Lokaci: 20,000 ÷ 5,000 = sakan 4.

Mataki na 5: Gudun yana raguwa bai-ɗaya daga 20 zuwa sifiri, don haka matsakaicinsa mita 10 ne a sakan. Nisa: 10 × 4 = mita 40.

Abin lura a nan shi ne, da gudun kilomita 36 a awa motar take yi, da sakan 2 za ta yi, ta tsaya cikin mita 10 kacal. Wato in gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa kan ninka sau huɗu. Har ila yau, lissafin bai haɗa da lokacin da direba ke ɗauka kafin ƙafarsa ta kai ga birki ba. Jinkirin sakan ɗaya a gudun farko ƙarin mita 20 ne.

7.3 Misali na Biyu: Karo

A ce motar nan ta daki bango. Fasinja mai mas kilogiram 60 yana da momentam 60 × 20 = 1,200. Idan jikinsa ya tsaya cikin sakan 0.1, ƙarfin da ya same shi shi ne 1,200 ÷ 0.1 = niwton 12,000, wato ninkin nauyinsa sau 20. Momentam ɗin da za a kawar bai canza ba, lokacin ne ya gajarce, shi ya sa ƙarfin ya yi tsanani. Hikimar bel ɗin kujera ke nan: yana tsawaita lokacin tsayawar jiki, yana kuma raba ƙarfin a ƙirji da ƙugu.

7.4 Kurakuran da Malami Zai Sa wa Ido

Na farko, mantawa da juya kilomita a awa zuwa mita a sakan. Na biyu, sanya mas a gurbin nauyi wajen neman gogayya. Na uku, ninka gudun farko da lokaci, wanda zai ba da mita 80 maimakon 40. Maganinsu shi ne malami ya sa ɗalibi ya faɗi da bakinsa abin da aka ba shi da abin da ake nema, kafin ya ɗora alƙalami a takarda.

7.5 Kammalawa

An ga yadda tsayayyun kalmomi biyar da doka ɗaya suka isa a warware tambayoyi biyu da Hausa. Ɗalibin da ya lissafa mita 40 da hannunsa ya san dalilin da ya sa ba a tsallaka titi a gaban motar da ke tafe da gudu.

7.6 Auna Fahimta

1. Bambanta "mas" da "nauyi" cikin jimloli biyu naka na kanka.

2. Sake lissafin misali na farko idan ruwan sama ya rage ma'aunin gogayya zuwa 0.25.

3. Kawo wata kalmar Hausa da kake ganin za ta maye gurbin "momentam", tare da hujjarka.