Rabon Matsi da Ma'aunin Daidaito: Gwajin Kalmomin Kimiyya ta Fuskar Takin Yuriya

1.0 Gabatarwa

Manomin shinkafa a fadamun Gwandu da Kalgo ya san buhun yuriya sarai, amma ɗalibin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta ke Kalgo, da Ingilishi yake koyon ƙa'idar da ta samar da takin. Wannan maƙala ta gwada bayyana ƙa'idar da Hausa, domin a ga inda kalmomi za su ɗauki nauyinta da inda za su gaza.

2.0 Rabon Matsi

Daga amoniya ake yin yuriya. Ita kuwa amoniya ana samun ta ne ta haɗa naitirojin da haidirojin, bisa hanyar da Fritz Haber ya gwada a 1909, Carl Bosch ya kai ta masana'anta a Oppau ta Jamus a 1913: N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃.

Idan iskoki suka cuɗanya a tukunya guda, kowace tana da kasonta na matsin gwargwadon yawan ƙwayoyinta. Wannan kaso shi aka kira rabon matsi. Misali, in jimillar matsi 200 ce, naitirojin kashi ɗaya, haidirojin kashi uku, rabonsu 50 da 150 ke nan.

3.0 Ma'aunin Daidaito

Kp = (P NH₃)² ÷ [(P N₂) × (P H₂)³]

A nan kalmar "daidaito" take da tarko. Bahaushe na iya ɗauka iskokin sun zama kai ɗaya a yawa, ko aiki ya tsaya cik. Ko kusa. Saurin haɗuwa ne ya yi daidai da saurin rabuwa, tamkar kasuwar da masu shiga suka yi yawan masu fita.

Matsi ba ya sauya Kp. In aka matse iskokin har kowane rabo ya ninka, saman lissafin zai ƙaru sau 4, ƙasansa sau 16, sakamakon ya faɗo zuwa rubu'in Kp. Sai amoniya ta yi ta ƙaruwa har lissafin ya koma mazauninsa. Dalilin matsa iskar ƙwarai a masana'anta ke nan.

Zafi ne ke sauya Kp: yana ƙaruwa, Kp na raguwa, domin haɗuwar zafi take fitarwa. Sanyi kuma nawa yake sa aikin, shi ya sa ake tsayawa tsakanin digiri 400 da 500 na Salshiyas, a sa ƙarfe ya gaggauta haɗuwar ba tare da ya taɓa Kp ba.