Fatsa a Kan Duwatsun Bakin Teku: Abin da Ya Kamata Masunci Ya Sani

Gaɓar tekun ƙasar Gana ta kai kimanin kilomita 550. Wani sashenta rairayi ne, amma a yamma, wajen Elmina da Sekondi da Aksim, akwai duwatsu da suka kutsa cikin ruwa. A kansu mutum yana iya samun na miya ba tare da jirgi ko koma ba, da ƙugiya da zare kawai. 'Yan'uwanmu mazauna zango da baƙi daga Arewa sukan yi sha'awar wannan sana'a. To, wanda ya iya su a kogi kada ya ɗauka ya iya na teku. Sai ya san kifin, ya san abincinsa, ya kuma san lokacin ruwa.

Kifayen dutse

Na farko shi ne jan kifin nan da ake kira sinafa. Yana kiwo a gindin duwatsu, ya fi cin ƙoto da asuba da kuma bayan faɗuwar rana. Na biyu gurufa, mai faɗin baki, wanda ke laɓewa cikin kogo yana jiran abin da zai gifta. Da zarar ya haɗiye ƙugiya sai ya ruga raminsa, ya buɗe marfin kunnuwansa ya tokare. Saboda haka in ka ji ya ja, ɗago shi nan take, kada ka sakar masa zare. Na uku barakuda, dogo siriri, mai haƙora irin na tsage. Shi a saman ruwa yake farauta, kuma yana datse zaren roba, don haka sai a ɗaura guntuwar waya tsakanin ƙugiya da zare.

Ƙoto

Kowane kifi abin da ya saba ci yake nema. Tanar da ke kama tarwaɗa a fadama ba ta daɗewa a ruwan gishiri. Mafi kyawun ƙoto yana nan inda kake tsaye: ƙananan ƙaguwa da ke ɓuya a tsagar dutse, da jatan lande. Sinafa da gurufa duk suna son su. Sai kuma yankan sardin, wanda mansa ke bazuwa cikin ruwa ya jawo kifi daga nesa. Sardin yana yawaita daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwa mai sanyi ke tasowa daga ƙasan teku, a lokacin kuwa yana araha. Namansa yana da laushi, sai a naɗe shi da siririn zare ko a barbaɗa masa gishiri ya yi tauri. Barakuda kuwa abu mai motsi da ƙyalli yake bi, a ba shi ƙaramin kifi sukutum. Dalmar da za ta nutsar da ƙoto a ɗaure ta da zaren da bai kai sauran ƙarfi ba, domin in ta maƙale a dutse ita kaɗai za a rasa.

Lokacin ruwa

Teku yana cika sau biyu, ya janye sau biyu, a yini da kwana, kuma kullum cikar tana jinkiri da kusan minti 50. Cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Mai lissafin watan Musulunci ya riga ya sami rabin wannan ilimi. A nemi ƙoto in ruwa ya janye, a jefa ƙugiya in ya fara dawowa, domin a lokacin kifi ke matsowa kiwo.

Gargaɗi

Kada ka juya wa teku baya, gama babbar igiyar ruwa ba ta sallama. Dutsen da ka gani a jiƙe ko da gansakuka, ruwa yana kaiwa can, kuma yana da santsi. Sa takalmi mai kama ƙasa, ka duba hanyar komawarka kafin ruwa ya kewaye ka, kada kuma ka tafi kai kaɗai. Talibambam na teku yana da guba a hantarsa da ƙwansa, wadda dafuwa ba ta kashewa, a mayar da shi ruwa. Kunamar ruwa tana da ƙari a wutsiya, kada a taɓa ta da hannu.

A garuruwa da yawa na wannan gaɓa ba a fita su ranar Talata. Baƙo ya girmama wannan al'ada, ya gai da shugaban masunta, ya tambayi 'yan gari inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa, gama matambayi ba ya ɓata. Ƙaramin kifi kuma a sake shi ya girma ya hayayyafa, domin 'ya'yanmu su ma su tarar da abin kamawa.