Darasi: Idan allura ta ƙi ci, a rubuta kuma a sanar

Makiyaya da mataimakan likitocin dabbobi, darasinmu na yau a kan bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ne. Abu ɗaya nake so ku riƙe: sa ido kan wannan matsala daga garke yake farawa.

Yaya bijirewa ke faruwa? Idan aka yi wa dabba allurar antibiyotik ƙasa da ƙima, ko aka tsaya kafin kwanakin su cika, bakteriya masu rauni sai su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Ga misalin da nake bayarwa kullum: oksitetrasikilin mai dogon aiki ta kashi 20 cikin 100, mililita 1 ake yi ga kowane kilo 10. Saniya mai kilo 250 tana bukatar mililita 25, a raba wuri biyu. Wanda ya yi mata 10 don kwalba ta ishi garke, ya koya wa cutar jure magani. Haka kuma boru da annobar awaki da tumaki ta PPR bairas ke kawo su, antibiyotik ba ya kashe bairas. Kariyar PPR ita ce riga-kafi.

Matsalar tana biyo mu har kwanon abinci. Salmonella da wasu nau'o'in E. coli suna zama a hanjin dabba ba tare da ta nuna ciwo ba. Sa ya bar kasuwar Turaku a Yamai lafiya lau, amma idan hanji ya fashe a kan nama wajen fiɗa, ko aka yi tatsa da hannu mai datti, ƙwayoyin sun shiga abinci. Idan masu bijirewa ne, yaron da ya kamu da zawo zai iya shan magani a asibiti bai ji sauƙi ba. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a.

Ga abubuwa huɗu da nake roƙon ku:

Na ɗaya, ku ajiye littafi. Ku rubuta rana, dabba, alamun ciwo, sunan magani, yawansa, da ko ta warke.

Na biyu, ku kiyaye kwanakin jira da ke jikin kwalba kafin yanka ko sayar da madara. Na nama yakan kai makonni. Tafasa madara tana kashe bakteriya, amma ba ta kawar da ragowar magani gaba ɗaya. Masu sayar da nono sun san alamar: madarar saniyar da aka yi wa allura takan ƙi yin kindirmo.

Na uku, idan magani ya ƙi ci, kada a ƙara wani a kai da ka. Ku kira likitan SVPP ko ma'aikacin kiwo na yankinku ya ɗauki samfur, ya sa a akwatin sanyi zuwa ɗakin gwaje-gwaje, kamar LABOCEL da ke Yamai. A gwajin, ana shuka ƙwayar a faranti, a ɗora ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban. Bayan kusan kwana ɗaya, faɗin da'irar da ƙwayar ta kasa tsirowa shi ke nuna maganin da har yanzu ke aiki.

Na huɗu, tsafta: wanke hantsa da hannu kafin tatsa, tafasa madara, raba kayan ciki da nama.

Daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba ake makon wayar da kai kan wannan matsala a duniya. Kafin lokacin, kowa ya fara cika littafinsa, domin da shi likita zai gane maganin da ya fara gazawa a yankinku.