Robar Wiwi: Wadda Ke Ruɓewa da Wadda Ba Ta Ruɓewa

Robar wiwi ita ce duk robar da aka haɗa da zaren wiwin masana'antu, wato wiwin da ake nomawa don kara da iri, wanda sinadarin da ke bugarwa a cikinsa, THC, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Wannan ne ma'aunin da dokar Amurka ta 2018 ta gindaya, Tarayyar Turai ma a kansa take tun 2023. Ɓawon karan tsiron yana da zare mai ƙarfi, fiye da rabinsa selulos ne, sinadarin nan da ke cikin auduga da itace.

Mafi yawan abin da ke kasuwa da wannan suna gauraye ne. Ana daddatsa zaren, a zuba shi cikin narkakkiyar roba, a matse a mazubi. Robar da ke riƙe zaren kuwa galibi folifirofilin ce, wadda ake samu daga man fetur, irin ta bokiti da kujerun biki. Kamfanin Faurecia na Faransa ya samar da irin wannan haɗi mai suna NAFILean, kashi 20 cikin ɗari zaren wiwi, sauran roba, an kuma yi amfani da shi a cikin motar Peugeot 308. Amfaninsa a fili yake: kayan sun fi sauƙin nauyi, an kuma rage robar fetur. Amma an yi shi ne don ya shekara goma ko fiye a cikin mota bai lalace ba. Wasu kamfanonin kan haɗa zaren da PLA, robar da ake yi daga sitacin masara ko rake. Wadda aka yi da selulos ɗin wiwi zalla ba ta da yawa, domin selulos ɗin itace ya fi araha.

A nan jita-jitar da ke yawo a WhatsApp da Facebook ta faɗi ƙasa. Ana cewa robar wiwi, ko ina aka yar da ita, cikin 'yan watanni za ta koma ƙasa. Ba haka ba ne. Abin da ke yanke hukunci shi ne robar da ta riƙe zaren. In folifirofilin ce, ko da zaren ya ruɓe, robar tana nan, sai dai ta farfashe ta zama ɓurɓushi a gona da kwata. In PLA ce, ruɓewarta tana buƙatar masana'antar taki mai zafin da ya kai wajen digiri 58, da danshi, da juyawa a kai a kai. Ma'aunin Turai mai lamba EN 13432, wanda ake buga wa kaya shaidar ruɓewa da shi, yana neman kashi 90 cikin ɗari ya ruɓe cikin wata shida a irin wannan yanayi. Jujin bayan gida ba ya riƙe wannan zafi da danshi, balle kududdufi ko bakin titi. A 2019 masu bincike na Jami'ar Plymouth a Ingila sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da ledoji masu tambarin ruɓewa. Wasu da aka binne a ƙasa shekara uku, da aka tono su, an zuba musu kaya an ɗaga ba su yage ba. Saniyar da ta haɗiyi irin wannan leda ba ta da wani rangwame, mahauci zai tarar da ita a tumbi a dunƙule kamar kowace baƙar leda.

Masu yaɗa labarin sukan kafa hujja da mai kamfanin mota Henry Ford, wai ya ƙera mota da wiwi tsantsa a 1941, kamfanonin mai suka danne ta. Motar da aka nuna a garin Dearborn a watan Agustan shekarar, ƙashinta bututun ƙarfe ne, aka lulluɓe shi da faifan roba, kuma da sunan motar waken soya aka san ta. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tsayar da aikin. Hoton da ake turawa na Ford yana saran mota da gatari ma ba ita ba ce, murfin but ɗin motarsa ta hawa ne.

Wani abin takaici shi ne ɗabi'ar 'yan kasuwar da ke shigo da kofi da cokali da mazubin abinci, su manna hoton koren ganye, su ƙara kuɗi. Mai saye ya biya, ya ci, ya jefa a kwata da kwanciyar hankali, alhali da robar da ya sani ce wataƙila da ya ajiye wa 'yan jari-bola. Su kuwa masu narka tsohuwar roba ba sa son PLA ta shiga cikin kwalaben ruwan da suke tarawa, domin tana ɓata musu narki. Hukumomin da ya kamata su riƙa tantance irin waɗannan tambura sun bar mai saye da idonsa.

Abin da ya kamata mai gidan abinci ko ɗan kasuwa ya yi kafin ya yi odar kaya shi ne ya nemi takardar haɗin a rubuce: kashi nawa ne zaren wiwi, kuma wace roba ce ta riƙe shi. Dillalin da ya kasa amsa wannan, a bar masa kayansa. In an ce tana ruɓewa, a nemi lambar ma'aunin, EN 13432 ko ASTM D6400 na Amurka, sannan a tambayi kai ko akwai masana'antar takin da za ta karɓe ta a garin. In babu, kuɗin da aka ƙara ya tafi a banza. A kuma guji ledar da aka ce rana da iska ke narkar da ita, mai tambarin okso. Robar fetur ce da aka sa wa sinadarin da ke farfasa ta, Tarayyar Turai ta haramta ta tun 2021. Inda haɗin wiwi ya fi dacewa shi ne kayan da ake so su daɗe, kamar bangon ƙofar mota da kujera da akwati. Ledar fiya-wata da ta cefane ba a nan maganinsu yake ba, jakar buhu da kwando da kwanon da ake wankewa sun fi kusa. Duka robar da ake yi daga tsirrai ba ta wuce kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na tan miliyan 400 da ɗoriya da duniya ke samarwa a shekara ba, kason wiwi a ciki kuma ɗan mitsitsi ne.

Manomin da aka zuga ya shuka wiwi don sayar wa masana'antar roba ya yi hattara. A Najeriya noman wiwi laifi ne, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ba za ta tsaya auna THC a gona ba. Ghana ta buɗe ƙofa da dokar 2020, kotun ƙoli ta soke sashen da ya ba da izinin a 2022, majalisa ta sake amincewa da shi a 2023, kuma ko a can sai da lasisi. Mai son wannan harka a ƙasar Hausa yana da rama, wadda ake kwaɗon ganyenta, ake tufka igiya da ɓawonta. Zarenta yana shiga irin wannan haɗi da roba, kamfanin BMW ya sa shi a bangon ƙofar motarsa i3 mai lantarki, kuma shuka ta ba ta buƙatar izinin kowa.